Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malam Akwatin Spam

 Malam, ina rubuto maka ne a madadin mutanen Kademi da maƙwabtansu na Gaya da Ajingi, waɗanda da yawansu ba su ma san an naɗa ka a cikin imel ɗinsu ba.

Ba na musun ƙwazonka. Iyayen gidanka na Google sun ce kana tare sama da kashi 99.9 cikin ɗari na saƙonnin banza da na yaudara. Madalla. Sai dai kai maigadi ne da ya kafa kujera a ƙofar zaure, alhali ɓarawo ya koma haura katanga. Ɗan damfarar da ke bibiyar mai awon dawa a nan ba ya turo imel. Tes yake yi, ko ya kira da Hausa tsantsa, har da sallama: daga banki ne, za a rufe asusunka, karanto mana lambobin da suka shigo yanzu. Tun da Babban Banki ya fito da BVN a 2014, aka kuma wajabta haɗa layi da NIN a ƙarshen 2020, kunnen jama'a ya saba da barazanar rufewa, shi ya sa ƙaryar ke shiga. Lambar 2442 ta hukumar NCC kuwa tallace-tallace take tsayarwa, macuci bai san da zamanta ba.

Inda kuma kake da iko, wani lokaci mai gaskiya kake kamawa. Ɗalibi ya buɗe imel a shagon kwamfuta don rajistar JAMB, mai shago ne ma ya zaɓa masa lambar sirri. Saƙon makaranta ya iso, ka ga an tura shi ga dubban mutane a lokaci guda, ka yi masa ɗaurin talala, bayan kwana 30 ka share ba shari'a.

Na san amsarka: ai akwai magani. A buɗe ka, a danna cewa saƙon ba spam ba ne, a ajiye adireshin makarantar cikin jerin amintattu. Gaskiya ne, kuma a ranar buɗe imel ɗin ya kamata mai shago ya koya wa yaro haka. To amma jerin amintattu ba ya hana macuci canza harafi ɗaya ya zo da kamannin hukuma. Dole dai mutum ya duba abin da ya biyo bayan alamar @ da idonsa, ko gov.ng ne ko edu.ng, ya kuma riƙe cewa banki ba ya neman PIN ko lambar OTP a waya.

Roƙona guda ne, Malam: duk saƙon da ka tsare daga adireshin makaranta, ka riƙa ɗan yin gyaran murya kafin kwana 30 ɗin su cika.

Ka huta lafiya.
Wani mai imel, Kademi.