Gyara Huɗu, Riga Ɗaya

Duk mai son sa hannu a manhajar da aka buɗe wa kowa ya gani ya gyara, shawara ɗaya ake ba shi: ka fara da ƙaramin abu, ko da kuskuren rubutu ne.

To, a watan Oktoban 2020 wasu bayin Allah sun ɗauki shawarar da zafi. A lokacin, kamfanin DigitalOcean, mai shirya Hacktoberfest, wato bikin gyaran irin waɗannan manhajoji, yana ba da riga kyauta ga wanda ya tura gyara huɗu a GitHub, dandalin da ake ajiye manhajojin. Jama'a suka yi ca! Wannan ya ƙara waƙafi inda babu mai neman waƙafi, wancan ya liƙa wa sunan manhaja kirari, wai aiki ne mai ban mamaki, ya koma gefe yana jiran riga. Masu kula da manhajojin, da yawansu ko sisi ba a biyansu, suka kwana sharar tarkace. Cikin 'yan kwanaki aka sauya doka: sai manhajar da masu ita suka ce suna ciki.

Don haka malam sabon shiga, karanta ƙa'idojin ba da gudummawa tukuna, ka nemi matsalar da aka ware wa masu farawa, ka yi sallama kafin ka taɓa komai. Riga kuwa tana nan a gwanjo.