Allah Ya Sa A Ci Mu: Masu Yi Wa Ƙungiyarsu Mugun Fata A Jalan Semarak

Tun a 2014 hukuma ta sauya wa titin suna zuwa Jalan Sultan Yahya Petra, amma direban tasi da mai sayar da abinci da ɗalibi, kowa Jalan Semarak yake cewa. A kan titin ne reshen jami'ar fasaha ta UTM na Kuala Lumpur yake, ga makarantar horar da 'yan sanda ta PULAPOL, da dare kuma in ka ɗaga kai sai ka hango tagwayen benayen Petronas suna ƙyalli. 'Yan Arewa da karatun digiri na biyu da na uku ya kawo nan ba su da teburin mai shayi, sai shagon mamak, gidan abincin Indiyawa Musulmi da ba ya rufewa dare da rana. Akwai teh tarik, shayin madarar da ake ja daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa, akwai roti canai mai zafi, akwai ƙatuwar talabijin a bango. Wahalar ɗaya ce: wasan da ake takewa ƙarfe 8 na dare a Landan, a nan ƙarfe 3 ko 4 na tsakar dare yake kamawa. Duk wanda ka gani a kujerar roba a wannan lokaci ya sayar da barcinsa ne saboda ƙauna. Abin ɗaure kai shi ne, a cikin waɗannan masoya akwai da dama da suka fito takanas don su ga an lallasa ƙungiyarsu.

Shugabansu shi ne Injiniya Mai Lissafi. Bai taɓa taka Amurka ba, YouTube ne ya kai shi ya dawo da shi, amma ya dawo da aƙida. Da zarar an zura wa ƙungiyarsa ƙwallo sai ya gyara zaman tabarau, ya jawo takardar goge hannu daga kwalin da ke kan teburi, ya zare biro.

"Dakta, ka san a Amurka wannan cin da aka yi mana arziki ne?"

Ba ya jiran amsa. A gasar NFL, in ji shi, ta ƙwallon ƙafar nan da ake bugawa da hannu, ƙungiya 32 ce, ba mai faɗawa rukuni na ƙasa, ba mai hawowa. Duk shekara sai a jera matasan da suka yi fice a jami'o'i, ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce ita ce ke fara zaɓa. An tsara haka ne don a tallafi mai rauni, kada manya su cinye komai. Gaskiya ya faɗa, niyyar mai kyau ce. Sai dai kamar a ce a makaranta wanda ya zo na ƙarshe a aji shi ake ba gurbin karatu a ƙasar waje: kafin zango ya ƙare rabin ajin sun manta yadda ake rubuta sunansu.

Hujjar da ya fi ji da ita ɗan Legas ne. A ƙwallon kwando, Houston Rockets ta yi ta shan kashi a ƙarshen kakar 1983 zuwa 1984 har mutane suka fara zargin da gangan ne. Aka jefa kwabo tsakaninta da Portland, ta ci, ta ɗauki Hakeem Olajuwon a matsayin na farko, a shekarar da Michael Jordan ya zo na uku. Olajuwon ya ɗauko mata kofi a 1994 da 1995. A nan Injiniya yake ja wa lissafinsa layi biyu. Abin da ba ya son a tuna masa shi ne Philadelphia 76ers, wadda ta mayar da faɗuwa sana'a na tsawon shekaru, har a kakar 2015 zuwa 2016 ta ci wasa 10 kacal aka ci ta 72. Ta samu Joel Embiid ɗan Kamaru a cikin wannan yayi, amma duk wannan azumin bai kai ta ga shan ruwa ba. Haka kuma ba ya son a ce masa ita kanta hukumar NBA, bayan abin da ya faru da Rockets, ta koma jefa ƙuri'a tun 1985 don kada na ƙarshe ya tabbatar da ladansa.

Labarin da ya fi ba shi takaici kuwa na New York Jets ne. A 2020 an ci su wasa 13 a jere, magoya baya har sun fara ɗinka riga da sunan Trevor Lawrence, matashin da kowa ke hari. Sai 'yan wasan suka yi rashin hankali, a cewar Injiniya, suka je suka doke Los Angeles Rams a watan Disamba. Jacksonville ta ɗauke yaron. Idan yana ba da wannan labari har muryarsa rawa take yi, kai ka ce amanarsa aka ci. Ka tambaye shi me ƙungiyarsa Chelsea za ta samu in ta zo ta ƙarshe a Firimiya, sai ya kira mai shago ya ƙara shayi.

A gefensa akwai A-Fasa-Kowa-Ya-Rasa, wanda ni dai na fi ganin girmansa, don shi ba ya fakewa da biro. Ranarsa ta zo a daren 14 ga Mayu, 2024, wato asubar 15 ga wata a agogon Maleshiya. Manchester City ta je gidan Tottenham. In Tottenham ta hana ta maki uku, Arsenal ce za ta kama hanyar ɗaukar kofin da rabonta da shi tun 2004. Mutumin naka ya iso da farar rigar Tottenham, gogaggiya, ya zauna a gaba, ya ajiye waya a kife. Haaland ya ci ta farko, sai ya dafe kai don idon jama'a, ƙafarsa kuwa tana rawa a ƙarƙashin teburi. Saura 'yan mintuna a tashi, Son Heung-min ya tsinke shi kaɗai ya nufi raga, daga shi sai gola Stefan Ortega. Shagon ya yi tsit, har mai juya roti ya tsaya da kwaɓin a hannu. 'Yan Arsenal, waɗanda tun da aka haife su ba su taɓa yi wa ɗan Tottenham fatan alheri ba, suka miƙe tsaye suna "Ya Allah, ya Allah!" Mai farar riga shi ma yana "Ya Allah", amma buƙatarsa daban. Ortega ya tare da ƙafa. Kocin City Guardiola ya zube a ƙasa a Landan, mutumin naka ya zube a kujera a Jalan Semarak, ya ce a ba kowa shayi a kansa, har da 'yan Arsenal, waɗanda suka ƙi sha. An tashi 2 da nema, City ta ƙare kakar da maki 91, Arsenal 89. Tottenham ta rasa gurbin gasar Zakarun Turai, kocinta Ange Postecoglou ya fito yana huci saboda abin da ya gani daga nasa mutanen. Aka faɗa wa mai farar riga, ya ce, "Shi baƙo ne, bai san maƙwabtanmu ba."

Yana da magabata. A Mayun 2010 magoya bayan Lazio sun yi shewa a filinsu lokacin da Inter ta Mourinho ta ci su 2 da nema, don kada Roma ta ɗauki kofi. Wannan ba ya neman ɗan wasa, ba ya neman gobe mai kyau. Baƙin cikin maƙwabci kawai yake so, kuma a take yake karɓar kayansa.

Sai Mai Jiran A Kori Koci. Yawanci jar riga ce a jikinsa. Duk nasarar da ƙungiyar ta samu, a wurinsa ƙarin wa'adi ce ga mutumin da ya tsana. Da Manchester United ta doke City 2 da 1 a wasan ƙarshe na kofin FA a Mayun 2024, yara suna tsalle kan Garnacho da Mainoo, shi kuwa ya haɗe rai ya ce, "Shi ke nan, Ten Hag ya samu shekara." Bai yi dariya ba sai a ƙarshen Oktoba da aka sallami kocin. Murnar ba ta kai wata biyu ba ya soma yi wa sabon addu'a irin ta tsohon.

Mai Camfi ba ya buƙatar dogon bayani. Tun kafin a take wasa yake cewa "yau za mu sha kashi", don ya yi imani in ya faɗa ba za ta faru ba. In an ci su ya ce ai ya faɗa, in sun ci ya ce ai dabara ce. Haka ma Mai Ɓoyayyen Tikiti, wanda a fili yake tsine wa caca, amma da an zura wa ƙungiyarsa ta biyu sai ka ga ya saci kallon waya ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka sauke wa kaya. Mu wuce, Allah ya shirye mu.

Wanda ya kamata a tsaya a kansa shi ne Mai Gudun Dodo. Shi bai ƙi ƙungiyarsa ba, so yake ta faɗi yau don ta kauce wa ƙato a zagaye na gaba. Kullum yana riƙe da jadawalin gasa yana bin layuka da yatsa. Maganinsa yana nan kusa, ba sai an je Turai ba, don duk wani dattijo ɗan Indunusiya da ke aiki a unguwar ya san labarin. A gasar Tiger ta ƙasashen kudu maso gabashin Asiya a 1998, Tailan da Indunusiya sun haɗu a birnin Ho Chi Minh, Indunusiya ta riga ta tsallake, Tailan ma tana dab da tsallakewa. Wanda ya ci zai tafi Hanoi ya gamu da mai masaukin baƙi Biyetnam, wanda aka ci kuma zai gamu da Singafo, da kowa ke wa kallon nama. Sai wasa ya koma kowa na tura wa ɗan'uwansa nasara. Ana 2 da 2 dab da tashi, ɗan bayan Indunusiya Mursyid Effendi ya juya ya zura ƙwallo a ragarsu da gangan, 'yan Tailan suna ƙoƙarin hana shi. Indunusiya ta samu abin da take so. Singafo ta fitar da ita, ta je ta doke Biyetnam a wasan ƙarshe ta ɗauke kofin, shi kuma Mursyid aka haramta masa wasan ƙasa da ƙasa har abada. Ka gama ba Mai Gudun Dodo wannan labari, zai gyaɗa kai ya ce, "Ai su ba su iya lissafin ba ne."

Kada wani ya ɗauka mu a gida ba mu iya ba. A 2013 a Bauchi, a wasannin neman hawa rukuni, Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine ta ci Babayaro 67 da nema, alhali an tafi hutun rabin lokaci ana 7 da 6 ne kawai. Mu in mun tashi faɗuwa ba ma kunyar ido.

Akwai Malam, wanda yake zuwa kallo da carbi, yana cewa goyon baya amana ce, yi wa naka mugun fata kuwa cin amana. Ina tare da shi a hukunci, duk da na lura fatawar tana sassauci duk ranar da faɗuwar Madrid za ta cutar da wani da ba ya so. Ni abin da nake gani, Ba'amurke yana da uzuri: tsarin ƙasarsa ne ya sanya lada a kan faɗuwa, sai ya mayar da masoyi akawu. Laifin na masu tsarin ne. Mu kuwa a ƙwallonmu ba a ba na ƙarshe komai sai takardar sallama, amma duk da haka muna wannan addu'a kyauta, da tsakar dare, a kuɗin shayinmu. 'Yan ƙasar ma kallon mamaki suke mana. Tun 2014 Johor Darul Ta'zim take ɗauke kofin gasarsu shekara bayan shekara, don haka mai goyon bayan Selangor bai ga dalilin roƙon abin da yake samu ba tare da ya roƙa ba.

Can ƙarshen teburi kuma akwai Ɗan Pillars, masoyin Kano Pillars. Ba ya shiga musun Turai sosai, jikinsa ne a Kuala Lumpur, zuciyarsa tana filin Sani Abacha a Ƙofar Mata. Ya ga kofin 2008, ya ga uku a jere daga 2012 zuwa 2014, ya kuma ga 2022, shekarar da Masu Gida suka gangara rukuni na biyu. Wata rana Injiniya ya yi kuskuren jawo masa takardar goge hannu.

"Yallaɓai, da a Amurka ne, wannan faɗuwar taku da ta kawo muku gwanin matashi a Najeriya kaf."

Ya kalle shi sama da ƙasa.

"Injiniya, ka taɓa bin ƙungiyarka filin da ba inuwa, ba kujera, ba wanda zai nuna wasan ko a waya? Ka taɓa shiga kasuwar Kwari washegarin faɗuwa? Shekara guda na daina saka rigar nan in zan fita. Wanda ya ɗanɗana wannan ba ya roƙon a ci shi, ko da wasa."

Malam ya ce masha Allah, ga mai riƙon amana. Har Injiniya ya fara naɗe takardarsa. Sai Ɗan Pillars ya kurɓi shayi, fuskarsa ta saki.

"Amma dai alhamdu lillahi," in ji shi, "tare da Katsina United muka tafi."