Allah Ya Ja Zamanin Edita

Yau kam bari in cire hula ga gwarzon da ba a cika yabawa ba, wato mai rubuta ra'ayin jarida. Ba mu da alƙali irinsa. Tun da ya fara riƙe alƙalami bai taɓa zaluntar mai biyansa ba.

Mu mutanen Tambuwal da Kebbe shaida ne. A Oktoban 2014 ɗanmu Aminu Waziri Tambuwal, yana Kakakin Majalisar Wakilai, ya bar PDP ya koma APC. Editan wannan ɓangare ya kira abin jarumta, na wancan ya kira shi butulci. A Agustan 2018, yana gwamnan Sakkwato, ya sake komawa PDP. Bayin Allah ba su wahalar da kansu ba, musaya kawai suka yi: mai jarumta ya karɓi butulci, mai butulci ya karɓi jarumta. Ina tattalin tawada ya kai wannan?

Sai zaɓen gwamna na 2019, da ƙuri'a 342 kacal ta raba Tambuwal da abokin hamayyarsa Ahmed Aliyu, cikin ƙuri'u sama da miliyan ɗaya. Sakkwato ta tsage biyu, wa da ƙane suka daina cin tuwo a kwano ɗaya. Mai gajeren tunani zai ce lokacin yayyafa ruwa ne. Edita kuwa mai tausayi ne: da ya ga wutar na neman mutuwa, sai ya taimaka mata da fetur, don kada a bar talaka cikin duhu.

Ga shi da kunya: ba ya sa suna a ƙasan rubutunsa. Ga shi da kara: ba ya ta da zancen taki, ko asibiti, ko ɓarayin shanu, sai in abokan adawar ubangidansa ne a kan kujera. Sau da yawa ma da Turanci yake rubutawa, don kada manomin Kebbe ya karanta ransa ya ɓaci.

A 1939 aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam na editanta. Allah sarki, bai iya lissafi ba! Da ya riski zamaninmu, da an nuna masa cewa shafi ɗaya na tallar taya Mai Girma murna ya fi buhun gaskiya nauyi.

Don haka mai karatu, in shafin ra'ayi ya faɗo hannunka, kada ka yar. Kai wa mai ƙosai, ba shafin da ya kai shi tsotse mai.