Aljihu Ne Ya Yi

Ɗan ƙwallo ba ya laifi a intanet. Wayarsa ce ke yi.

A Fabrairun 2016 Liverpool ta je har gida ta zuba wa Aston Villa ci shida da nema. Magoya bayan Villa na cikin zaman makoki sai ga hoton wata tsadaddiyar Marsandi a shafin Twitter na mai tsaron bayansu, Joleon Lescott. Gari ya ɗauka. Da aka matsa, ya ce wallahi wayar na aljihunsa yana tuƙi, ita ta tura. Wato aljihun ya buɗe waya, ya shiga ma'ajiyar hotuna, ya tsallake na iyali, ya zaɓi mota. Ni dai a ganina aljihun ya kamata koci ya sa a baya ranar. Aƙalla shi yana motsi.

Enzo Fernández kuma murna ce ta ja masa. A Yulin 2024, bayan Ajantina ta ɗauki Copa America, ya haska kansu kai tsaye a Instagram cikin bas suna waƙar muzanta 'yan wasan Faransa masu tushen Afirka. Ya manta kulob ɗinsa, Chelsea, cike yake da su. Ya ba da haƙuri, ya ce farin ciki ne ya kwashe shi.

Chelsea ta ce ta ɗauki lamarin da matuƙar muhimmanci. Ta buɗe bincike. Kowa ya yi tsit yana jiran hukunci.

Wasan farko na kakar 2024/25, da Manchester City, aka ɗaura wa Enzo kambun kyaftin.