Jinsunan Masu Kallon Shalok Homs a Mora

Bayan da manyan silimomin Kamaru suka rufe ɗaya bayan ɗaya, har ukun da suka rage a Yawunde da Duwala da Bafusam suka bi sahu a 2009, al'amarin kallo ya koma hannun ƙananan rumfunan bidiyo, waɗanda jarinsu bai wuce benci da labule da inji mai tari ba. A garin Mora, gindin duwatsun Mandara, inda Bahaushe da Bamandare da Babarbare da Bafillace da Balaraben Shuwa ke haɗa kafaɗa ran kasuwar Lahadi, idan finafinan Kano da na Indiya suka ƙare wa mai rumfa, yakan lalubo tsohon faifan Shalok Homs mai baƙi da fari ya sa, don kada dare ya tafi a banza. Asalin irin waɗannan finafinai kuwa tsimi ne. A 1927 hukumar Ingila ta wajabta wa gidajen silima nuna wani kaso na finafinan gida, sai kamfanoni suka duƙufa kan littattafan binciken kisa, domin ɗaki ɗaya da gawa ɗaya da mutum shida masu zargin juna sun wadatar. Abin da kamfani ya yi rowarsa, 'yan kallo ke cikawa, kowa gwargwadon ɗabi'arsa.

Na farkonsu shi ne Malam Na-riga-na-sani, wanda tun gawa ba ta huce ba yake yanke fatawa cewa kuku ne ya yi kisan; in aka kashe kukun ya koma kan direba, in direba ya kuɓuta ya tuhumi matar mamaci, har idan gaskiya ta bayyana a ƙarshe, da yake babu wanda bai zarga ba, sai ya juyo ya ce wa jama'a, "Ban faɗa muku ba?"

Kusa da shi akwai tafinta, wanda babu wanda ya naɗa shi, yana juya Faransancin faifai zuwa Hausa da Fillanci, sharhinsa kuwa ya ninka matani sau uku, ta yadda in Homs ya ce kalma biyu, sai ya sa masa gaisuwa da tambayar iyali da tsinuwa ga ɓarayin shanu.

Amma wanda ya fi kowa wahalar zama da shi, shi ne ɗalibin da ya karanta littafin a makarantar Marwa, wanda ya zo da niyyar tahaƙiƙi, kuma abin haushi, sau da yawa yana da hujja. Zai gaya maka cewa fim ɗin A Study in Scarlet na 1933 sunan littafin kaɗai ya ɗauka, labarin nasu ne suka ƙaga, kuma Reginald Owen da ya fito a Homs shi ne Dakta Watsan, abokin Homs, a wani fim na 1932, wato almajiri ya kwana ya tashi shehi. Zai ƙara da cewa daga finafinai 14 da Basil Rathbone ya yi tsakanin 1939 da 1946, kamfanin Universal ya ciro Homs daga zamanin keken doki ya tura shi farautar 'yan leƙen asirin Hitila, bidi'ar da bai yafe ba har yau. Mafi tsananin baƙin cikinsa kuwa shi ne fim ɗin Alibi na 1931, inda aka fito da wani mai binciken, Puwaro na Agata Kiristi, babu gashin bakinsa. Fim ɗin ya ɓace, ɗalibin bai taɓa ganinsa ba, amma wannan bai rage masa fushi ko ƙwayar zarra ba.

Shi Alhaji ɗan kasuwar Banki bai damu da wanda ya mutu ba, lissafi yake yi. A Terror by Night na 1946, wanda kusan dukansa cikin jirgin ƙasa ake yinsa, ya ƙidaya kujeru da fitilu, ya ƙiyasta su da sefa, ya mayar naira, ya tabbatar wa maƙwabcinsa cewa masu fim ɗin sun ci riba, Allah ya sa musu albarka.

Sa'an nan ga faƙihi, wanda ya ce wucewa yake yi ya tsaya, ya kuma tsaya har ƙarshe. Shi a wurinsa tokar taba da laka a takalmi alamu ne kawai, ba su kai matsayin bayyina ba. Yana tambaya ina shaidu biyu adilai, wa ya yi musu tazkiyya, ina waliyyan jini, kuma da wane izini attajiri marar aikin yi zai zauna yana hukunci alhali ga alƙali a gari. Iƙirarin da mai laifi kan yi a ƙarshen fim ne kaɗai ke kwantar masa da rai, ko da yake yana shakkar ko babu tilas a ciki. A bayansa wani makiyayi ke tsugune, wanda ya saba bin sawun saniyar sata daga Mora har bakin iyaka, yana mamakin ƙaton mutum da sai da gilashi yake ganin sawu a kan darduma.

Na ƙarshe shi ne mai barci, wanda ke biyan kuɗinsa cif, ya jingina da bango, ya farka lokacin da ake kwashe benci ya tambaya wa ya yi kisan. A ganina shi ne mafi alherinsu, domin bai ɓata wa kowa labari ba. Saboda haka, ya kai mai karatu, in ka shiga rumfa ka nemi wuri kusa da shi, ka yi nesa da ɗalibi da tafinta, kuma kada ka bari faƙihi ya san ka iya Larabci.