Matsalar Ƙafa ta Huɗu

Tun da aka fara aiwatar da tsarin karatu na 6-3-3-4 a Najeriya a shekarar 1982, wanda ya ba aikin katako da na ƙarfe gurbi a darussan sakandare, ɗalibai suke fama da wata matsala da littattafan darasi ba su ware mata babi ba, wato tebur mai ɗingishi. Lissafi ya tabbatar da cewa abu mai ƙafa uku yana zama daram ko da ƙasa ba ta daidaita ba. Ƙafa ta huɗu ce mai ra'ayin kanta.

Ɗalibi yakan tunkari lamarin da zarto. Yakan rage ƙafar da yake zargi, sai laifin ya koma kan maƙwabciyarta, ya rage wannan ma, ya ci gaba da zagayawa cikin adalci, har abin da aka zana a matsayin teburin karatu ya sauko ya zama na shan shayi, daga nan ya zama kujerar tsakar gida. A wannan mataki ne ake komawa a gyara zanen domin ya dace da abin da ya fito, aikin da rahoton ɗalibi yake kira inganta fasali.

Akwai mazhaba ta biyu, wadda take ɗora laifin a kan daɓen ɗaki, kuma mabiyanta sun dogara ne ga kwalin ashana da aka ninka biyu aka cusa ƙarƙashin ƙafar. Iyaye dai sukan karɓi aikin da sa albarka, su jingina shi da bango, su ɗora masa abin da ba ya zubewa.