Yadda Na Zama Kaka a Kan Kilimanjaro

Tun a ƙofar Machame aka fara cin mutuncina. Jagoranmu, wani siririn saurayi ɗan ƙabilar Chagga, ya miƙo mini hannu ya ce, "Karibu, kaka." Na waiwaya in ga tsohon da ake yi wa maraba, sai na ga ba kowa sai ni. Shekarata 36, ko furfura ɗaya ban ajiye ba. Daga baya aka fahimtar da ni cewa a Suwahili kaka yana nufin yaya, kakan gaske kuwa "babu" suke ce masa. Na ce to, gara kakan da a ce babu ni.

Tsautsayi ne ya kai ni. Yawo nake da jakar goyo a Tanzaniya, na sauka Moshi da niyyar kwana biyu. Da safe gajimare ya yaye, na hango dutsen da farin rawani a kansa. Aka ce mita 5,895 ne, duk Afirka ba kamarsa. Ni kuwa tun ina makarantar allo da gudu nake hawan Dala, ban taɓa haki ba. Doka ba ta yarda mutum ya hau ba jagora, don haka na zazzage guzurin wata guda na biya kuɗin kwana 7.

Kalmar da ta fi yawo a dutsen nan ita ce "pole pole", wato sannu-sannu. In kuma aka faɗe ta sau ɗaya, "pole", sannu ce ta jaje, kamar dai tamu. Ranar farko a cikin kurmi jagora ya faɗa mini mai ninki ya fi sau ashirin, na yi kunnen uwar shegu. Na wuce kowa, har da wata tsohuwa 'yar Japan mai sanda biyu, tana taku kamar hawainiya. Da na zo wuce ta har da ɗan tari na yi, don ta san namiji ya gifta. 'Yan dako ne kawai suka gagare ni. Kowane da kaya kilo 20 a ka, suna hira, suna wuce ni kamar an dasa ni.

A zangon Shira, sama da mita 3,800, aka fara biyana. Na ɗebi ruwa zan yi alwalar Magariba, ina zuba shi a hannu na ji kamar an sare ni da gatari. Ban taɓa bitar hukuncin taimama da irin wannan himma ba. Na daure na ƙarasa, na yi sallah haƙorana na ta nasu tasbihin. Kafin in sallame, hankakin dutse, masu farin tabo a ƙeya da baki kamar ƙotar fartanya, sun gano ƙunshin kilishin da na bari a bakin tanti. Kilishin da na yi ta ɓoyo tun daga Kano, ina gutsura kamar magani. Ina tahiya ina kallon ɗaya ya tashi da falle guda, yaji bai ko sa shi atishawa ba.

Sai ciwon kai. Iskar sama ba ta ƙosar da huhu, kowane numfashi kamar rabin awo. Jagora ya ce in riƙa shan ruwa lita uku zuwa huɗu a yini, ga kuma ƙwayar da nake sha ta ciwon tsauni, wadda babban aikinta, a iya abin da na gani, shi ne tura mutum fitsari. Ku haɗa waɗannan biyu da daren da raɓa ke daskarewa a jikin tanti.

A Barranco abin ya faru. Wajen ƙarfe biyu na dare mara ta matsa. Na yi ta ciniki da ita, ta ƙi. Fita daga buhun barci aiki ne: zif na buhu, zif na ciki, zif na waje, ga takalmi ya sandare kamar ƙirgi. Na fita da fitilar goshi na yi abin da ya fito da ni, na tsaya ina kallon taurari, har ina cewa Allah mai iko. Da na juyo, sai na ga tantuna sun fi talatin, duk kala ɗaya, kamar an haife su rana guda. Fitilar ta yi ƙyaf-ƙyaf ta mutu. Na zaɓi wanda zuciyata ta kwanta da shi, na zuge, na rarrafa ciki, na ji ɗumi, na ce alhamdulillahi. Ina miƙa ƙafa na taka gemu. Mai gemun, wani ƙaton Bajamushe, ya kurma ihu da yarensu, ni ma na kurma salati da nawa, muka yi ta yi ba mai fahimtar wani. Zangon duka ya tashi. Jagora ya zo da tocila ya kamo hannuna kamar yaron da ya ɓata a kasuwar Kurmi, ya ce, "Pole, kaka." Da safe Bajamushen ya ɗaura jan ƙyalle a tantinsa, bai ce mini komai ba.

Katangar Barranco da hannu da ƙafa na hau ta. Akwai inda sai ka rungumi dutse ka manna fuska kafin ka wuce, na rungume shi rungumar da ban taɓa yi wa ɗan'uwa ba.

Daga zangon Barafu, wanda sunansa ma ƙanƙara yake nufi, da tsakar dare ake tashi. Na saka duk abin da na mallaka, wando uku, riga biyar, har da safa a hannu. Taku uku, tsayawa, haki. Ruwan gorata ya zama dutse. Can wajen asuba, ina durƙushe a kan sandar aro, na ji ƙwas, ƙwas a bayana. Tsohuwar nan ce, da takunta na ranar farko, ba ta ƙara ba ta rage ba. Ta dube ni, ta ciro alewa ta sa mini a tafin hannu, ta ɗan yi tari, ta wuce. Har yau ina zargin tarin nan da gangan ne.

Na isa Stella Point rana na fitowa, na ja jiki zuwa Uhuru, ƙololuwar dutsen, jagora na riƙe da ni ta hammata. Na ciro waya in ɗauki hoton da zan rufe bakin 'yan majalisarmu da shi, sanyi ya kashe batir. Hoton da nake da shi Bajamushen ne ya ɗauka, ya turo mini daga baya. Allon da ke ƙololuwar ya fito tsaf, ni kuwa rabin kunnena ne da hula.

Da na dawo Kano na kai wa Hajiya takardar shaidar da aka ba ni. Ta juya ta gaba da baya, ta dubi leɓɓana da suka tsattsage, ta dubi yadda nake dafa bango kafin in zauna.

"To me ake sayarwa a can saman?"

Na ce ba komai, Hajiya.

"Nawa suka biya ka?"

Na ce ai ni na biya. Ta yi shiru, sannan ta ƙwala wa ƙanwata kira ta ce a kawo mini kunu da man zafi, kuma kada a bari maƙwabta su ji.